Ƙarfin Kankare Ba a Ido Ake Gane Shi Ba

Tun farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu 10, wata magana ta kama bakin mutane a Anka, Gummi da Nasarawar Burkullu na Jihar Zamfara: wai simintin yanzu an rage masa ƙarfi. Katanga ta tsage, a ce siminti ne. Kwalbati ta burma da ruwan farko, a ce siminti ne. Bayan ambaliyar Gummi ta Agustan 2024, da masu hali suka fara mayar da gidajen ƙasa na bulo, zancen ya ƙara ƙarfi, har wani ya riƙa rantsuwa da simintin masana'antar Kalambaina, wani kuma ya ce in ba na Obajana ba ba ya gini.

Gardamar tsohuwa ce. A 2014 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fito da tsarin da ya taƙaita siminti mai lamba 32.5 ga aikin filasta, ta ce mai 42.5 ne na gini, kamfanoni suka yi ta cacar baki a jaridu. Amma gine-gine ba su daina faɗuwa ba. Bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, mutum fiye da 40 suka mutu. Wani ya rufta a titin Beirut na Kano a Agustan 2022. A Yulin 2024 makarantar Saint Academy ta Jos ta faɗo wa ɗalibai suna cikin aji, aka rasa rai 22. Lambar da ke jikin buhu tana faɗin ƙarfin da simintin ya nuna ne a ɗakin gwaji, da yashi na musamman da ruwa a kan awo, bayan kwana 28. Ba ta yi wa kowa alkawarin abin da zai fito daga kwaɓin da aka yi da shebur a ƙofar gidansa ba. Siminti na iya lalacewa, musamman in ya daɗe a shago mai danshi har ya dunƙule, amma mafi yawan ɓarnar a wurin kwaɓi take faruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kusan kowa, har da wasu tsofaffin birkiloli, ya ɗauka cewa kankare bushewa yake yi ya yi ƙarfi, kamar tubalin ƙasa. Ba haka ba ne. Siminti haɗuwa yake yi da ruwa, su rikiɗe su zama wani sabon abu mai kama da dutse wanda ke ɗaure yashi da tsakuwa. Wannan haɗuwar tana ɗaukar makonni, kuma ruwan da take buƙata a cikin kwaɓi kaɗan ne. Tun 1918 wani Ba'amurke mai suna Duff Abrams ya nuna, bayan dubban gwaje-gwaje a Chicago, cewa ƙarfin kankare yana raguwa ne gwargwadon yawan ruwan da aka zuba wa siminti. Buhu mai kilo 50 ruwan da ya dace da shi bai wuce lita 25 ba, jarka guda ke nan, har da lissafin danshin da ke jikin yashi. To je ka tsaya inda ake zuba dekin. Rana ta take, leburori na hawa da kwanon sarki a ka, sai ka ji an ce, “Oga, kwaɓin nan ya yi tauri, a ƙaro ruwa.” Ana ƙarawa sai aiki ya yi sauƙi, kankare ya riƙa malala da kansa cikin katako. Ruwan da ya yi rara ba ya shiga haɗuwar. Wuri yake tarewa a ciki, daga baya ya tsane ya bar miliyoyin ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Ta nan ƙarfi ke zurarewa, ta nan kuma danshi ke bi ya kai ga rodi ya sa shi tsatsa.

Sannan bayan an zuba, a daidai lokacin da kankare ke neman ruwa, sai a hana shi. A yankinmu zafin Maris da Afrilu na wuce maki 40, iskar hunturu kuwa kan tsotse danshi cikin sa'o'i. Dekin da aka watsa wa ruwa sau ɗaya washegari aka tafi, haɗuwarsa ta tsaya a rabin hanya. Aƙalla kwana 7 ya kamata ya yi a jiƙe, a rufe shi da buhunan algarara ko yashi mai ruwa. Ruwan da ake almubazzaranci da shi wurin kwaɓi, nan ne gurbinsa.

Ta yaya ake sanin an yi daidai? Hanya ɗaya ce tabbatacciya, a fasa samfuri. A ranar zubi, ana ɗibar kankare daga ainihin wanda ake hawa da shi, a cika wasu akwatunan ƙarfe masu faɗin santimita 15 ta kowane ɓangare. Hawa uku ake cikawa, kowane hawa a daddage shi da sandar ƙarfe don iska ta fita, domin iskar da ta kai kashi 5 cikin 100 na iya cinye kusan kashi 30 na ƙarfin. Washegari a kwance akwatin, a rubuta kwanan wata a jikin dunƙulen, a nutsar da shi cikin ruwa. A kwana na 7 a fasa wasu, a kwana na 28 a fasa sauran, yawanci uku-uku don a ɗauki matsakaici. Injin gwajin faranti biyu ne na ƙarfe da ke matse dunƙulen a hankali, nauyi na ƙaruwa daidai wa daida, har ya tsage, allura ko allon kwamfuta ya tsaya a kan adadi. Sai a raba adadin da faɗin fuskar dunƙulen, wato murabba'in milimita 22,500. Idan injiniya ya rubuta giredi 25 a takardar kwangila, yana nufin kowane murabba'in milimita ya ɗauki niyuton 25. A dunƙulen nan da mutum zai ɗaga da hannu biyu, hakan ya kai tan 57, kusan lodin tirela biyu na siminti. Sakamakon kwana 7 kan kai wajen kashi biyu cikin uku na wannan, don haka tun a mako na farko ake hango matsala, kafin a ɗora wani hawan a kai.

Ƙwararren ma'aikaci ba ya tsayawa a kan adadi, yakan duba ɓaraguzan. In ya ga tsakuwa ta fashe tare da simintin, kamu ya yi kyau. In kuwa tana zamewa lafiya lau tana barin gurbinta, to ko dai ruwa ya yi yawa, ko tsakuwar na da ƙura, ko yashin na da laka. Wannan ya shafe mu, domin yashin da ake kwasowa daga Gulbin Zamfara da ƙoramunsa ba duka ne mai tsabta ba, musamman na bayan damina.

Akwai gwaji na biyu da ba a cika zancensa ba, kuma shi ne ya fi wuyar fahimta. Ƙarfi daban, tauri daban. Duk wanda ya tashi a ɗakin soro ya san azarar da ba ta karye ba amma ta yi ciki, rufi ya lotsa a tsakiya, ruwa ya riƙa kwanciya, daɓe ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Azarar tana da ƙarfin ɗaukar kayan, taurin tsayawa a miƙe ne ba ta da shi. Haka kankare yake. Duk nauyin da aka ɗora masa sai ya ɗan matsu, ko da ido bai gani ba. Don auna wannan ana yin samfuri mai siffar gwangwani, tsawonsa santimita 30, faɗinsa 15, a ɗaura masa na'urar da ke jin motsin da bai kai kaurin gashi ba. Ba a fasa shi. Ana matsa shi zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, a saki, a sake matsawa, ana rubuta yadda yake gajarta. Kankare mai kyau kan gajarta da kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita a irin wannan gwaji, kuma taurinsa ya kai kusan kashi ɗaya cikin bakwai na ƙarfen rodi. Da wannan adadi injiniya ke lissafin yadda doguwar gada ko dekin babban masallaci zai lanƙwasa. Irin tsakuwar da aka sa na da babban tasiri a nan. Dutsen kwari da aka fasa ya fi marmara tauri nesa ba kusa ba, ko da adadin buhunan siminti ɗaya ne.

Ginin da ya riga ya tsaya ma ana iya bincikarsa. Akwai gudumar Schmidt, wadda wani injiniya ɗan Suwizalan ya ƙirƙiro a 1948, ana danna ta a jikin ginshiƙi ta ba da ƙiyasi. In ana son tabbaci sai a huda a ciro guntun kankaren a kai shi inji.

Kayan aikin nan ba a Turai kaɗai suke ba. Sassan koyar da injiniyan gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna wannan gwaji, kuma a nan gida akwai kwalejojin kimiyya da fasaha a Kaura Namoda da Talata Mafara da ya kamata gwamnati ta ƙarfafa su zama wurin kai samfuri. Kuɗin fasa dunƙule shida bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin ajin makaranta guda. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tambaya. Jami'in da zai sa hannu a biya ɗan kwangila yakan duba fenti da rufi, ya ƙirga tagogi, ba kasafai yake neman takardar kwana 28 ba. Inda ma ake nema, akwai masu kwaɓa na gwaji daban da siminti mai yawa, na gini daban. Shi ya sa dole a ɗebi samfurin a gaban wanda ba yaron ɗan kwangila ba ne.

Mutanen ƙauyen Sunke na Anka sun san abin da awo ke tonawa. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙasar tsakar gida ba ta canza kama ba, sai da aka zo da na'ura aka auna ta sannan aka san inda ajali yake. Yanzu da wanda Allah ya buɗa wa a harkar zinariya ke fara tunanin gidan bulo da dekin, ya dace ya nemi awo a nan ma. Ma'aunin Nijeriya ya ce bulon da zai ɗauki nauyi ya kai niyuton 3.45 a kowane murabba'in milimita, amma binciken jami'o'inmu ya sha gano na kasuwa a ƙasa da haka sosai, saboda yawan bulon da ake matsowa daga buhu guda.

Wanda wuraren gwajin nan suka yi wa nisa, ga rashin tsaron hanya, yana da abin da zai fara da shi. Ya zuba yashinsa a kwalba da ruwa, ya girgiza, ya ajiye; lakar za ta kwanta a saman yashin ya ga kaurinta. Ya tsaya a kan kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa ga kowane buhu in dekin ko ginshiƙi zai zuba. Kuma kowane mai walda a Gummi zai iya ƙera masa mazurarin gwada kwaɓi: tsawo santimita 30, gindi 20, baki 10. A cika shi hawa uku ana daddagewa, a zare shi sama a hankali. In kwaɓin ya sauka da santimita 5 zuwa 10, ya yi. In ya baje a ƙasa, kada a bari a hau da shi.