Haƙƙin Babur a Kan Mai Shi, Daga Briqueterie Zuwa Nkomkana

Duk wanda ya san birnin Yawunde ya san cewa Allah bai shimfiɗa shi a kan fili ba kamar yadda ya shimfiɗa Kano ko Maraɗi, inda mai babur kan wuni yana zirga-zirga bai gamu da hawan da zai tilasta masa komawa giya ta ɗaya ba. Gari ne da aka kafa bisa tuddai da kwaruruka, kimanin mita 750 sama da teku, kuma wanda ya ɗauko fasinja daga bakin babban masallacin Briqueterie, ko ya ɗauko mace da buhun doya daga kasuwar Mokolo, ya nufi Tsinga ko Nkomkana ko Carrière, la budda injinsa ya yi gumi a hawa, birkinsa kuma ya yi zafi a gangara, sau da yawa kafin azahar. A kan wannan sai a ƙara damina biyu a shekara guda, ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba, wadda ke mai da jar ƙasar lungunan unguwa laka mai danƙo, sannan rani ya zo ya mai da ita ƙura mai laushi wadda babu kafar da ba ta shiga. Saboda haka kulawar da za ta wadatar da babur a ƙasar Hausa ba lalle ta wadatar da shi a nan ba.

Sana'ar ɗaukar fasinja a babur, wadda Kanawa ke kira acaɓa, mutanen Nijar kabu-kabu, a nan kudancin Kamaru kuma bensikin, ta yi ƙarfi ne bayan matsin tattalin arziki ya karya jigilar gwamnati: an rage darajar sefa a Janairun 1994, kamfanin SOTUC mai motocin safa na Yawunde da Duwala ya rushe a 1995, daga baya kuma babura masu rahusa irin su Nanfang da Sanili suka kwararo daga Sin, na Indiya irin su Bajaj da TVS suka biyo baya. Ran 31 ga Disamba 2008 Firayim Minista Ephraim Inoni ya sa hannu a dokar da ta shimfiɗa wa sana'ar sharuɗɗa, na lasisi da inshora da rajista da hular kwano. Waɗannan duka abubuwa ne da ɗan sanda zai iya dubawa a bakin titi. Amma abin da ke cikin injin, da abin da ya saura a jikin takalmin birki, ba mai ganinsa sai mai babur da bakanikensa da Ubangijinsu, kuma a kansa nake nufin tsayawa.

Tushen al'amarin duka shi ne baƙin mai. Injin waɗannan babura, wanda galibi bai wuce sisi 100 zuwa 150 ba, ba shi da lagireto irin na mota, iska ce kaɗai ke sanyaya shi, ita kuwa iska ba ta samuwa sai da gudu. To, a hawan tudu da kaya, inda injin ke kuka da iyakar ƙarfinsa alhali babur na tafiyar da mai ƙafa zai iya jerawa da shi, zafi kan taru fiye da kima, sai ya zama man da ke ciki, wanda bai wuce kimanin lita ɗaya ba, shi ke ɗaukar nauyin kwashe wani kaso na zafin, bayan aikinsa na asali na hana ƙarfe cin ƙarfe. Kuma wannan litar guda ita ke hidimar fistin da bawul, ita ke hidimar haƙoran giya, a cikinta kuma faifan kuloci ke iyo, saɓanin mota wadda ta raba wa kowane sashe nasa. Haƙoran giya na tauna man, zafi na tsinka shi, baƙin hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfe na taruwa a cikinsa, har ya wayi gari ya rasa kaurin da ke raba ƙarfe da ɗan'uwansa. Kakanninmu da suka riƙi dawaki sun san cewa dokin da aka hana wa kanwa da ruwa a kan kari ba ya faɗuwa ran nan, ramewa yake yi a hankali har ranar da za a bukace shi ya kasa. Haka injin da aka jinkirta wa juyen mai yake, ba ya ƙorafi sai ɓarnar ta riga ta auku.

Littafin da kamfani ke haɗawa da sabon babur yana faɗin adadin kilomitar da za a yi kafin juye, amma wannan ƙiyasi ne da aka gina bisa hawa na matsakaici a titi mai kyau, kuma littattafan da kansu kan yi gargaɗin a gajarta wa'adin idan hanya mai ƙura ce ko aikin mai tsanani. Shi ya sa ƙwararrun 'yan sana'ar suka mai da juye al'adar mako ko kwana goma, ba sa jiran ganin alama. A zuba tsohon man tun injin na da ɗumi, domin a lokacin ne yake gudana ya fito da dauɗarsa. A wanke 'yar rariyar da ke tace shi. A auna sabon da sandar awo babur na tsaye cak a kan jak ɗin tsakiya, kada a rage, kada kuma a cika fiye da alama da sunan alheri.

Na tsaya wata safiya a wata rumfar gyara da ke gefen hanyar hawa Nkomkana, na ga dattijon bakanike ya kwance notin ƙasan injin wani saurayi, ya tara yatsa biyu ya murza abin da ya zubo, sa'an nan ya ɗaga su wajen haske, sai ga wani ƙyalli kamar garin azurfa a cikin baƙin. Ya ce, "Yaro, yaushe rabonka da juye?" Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi mai babur ne bai ba da kuɗin ba." Dattijon ya goge yatsunsa da tsumma ya ce, "To, ka je ka gaya wa maigidanka wannan ƙyallin da kake gani injinsa ne yake fita a cikin kwano." Na riƙe amsar saurayin, domin a cikinta rabin matsalar take, kuma zan komo kanta.

Akwai fitina biyu game da irin man da ake sayowa. Ta farko algus ce: man da aka riga aka yi aiki da shi, aka tace, aka ɗura a tsohon galan mai suna, aka sayar da rahusa. Wannan ha'inci ne wanda shari'a ta haramta, masu hisba na dā kuma a kan irinsa suke zaga kasuwa, kuma maganinsa a sayi mai a rufe da hatiminsa daga wurin da aka amince da shi, a buɗe a gaban idon mai babur. Ta biyu jahilci ce ba mugunta ba, wato zuba man da aka yi don ƙananan motoci na zamani, wanda aka sa wa sinadarin ƙara santsi. Shi kuwa kulocin babur da ke jiƙe cikin man yana bukatar ya kama, sai ya riƙa zamewa, a ja totur injin ya yi ƙara babur bai ƙara gudu ba, kuma a hawan tudu ne wannan illa ke fara bayyana. Man da ya dace da babur ana rubuta JASO MA a jikin galansa, wanda bai iya karatun boko ba ma yana iya haddace siffar haruffan.

Matatar iska da fulogi ba sa bukatar dogon bayani. Idan matatar ta soso ce a wanke ta da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba, ta bushe, a shafa mata mai kaɗan. Idan ta takarda ce a kakkaɓe ko a sauya, ruwa ba ya taɓa ta. Wanda ya cire ta ɗungum don wai injin ya sha iska, ya buɗe wa ƙurar Yawunde ƙofa ne ta shiga ta goge silinda. Fulogi kuwa, wanda a nan aka fi sani da buji, launin bakinsa ke ba da labari: ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya, baƙi mai toka alamar fetur ya yi yawa ko matata ta toshe, baƙi mai maiƙo alamar ring ya ci.

Sarƙa ita ce mafi shan wahalar damina. Ana so idan aka taɓa tsakiyarta ta yi lilo na kimanin santimita 2 zuwa 3, domin idan ta yi ɗauri da yawa, sa'ad da fasinja ya zauna ƙafar baya ta nutse, sai ta ja boris ɗin giya da na ƙafa ta cinye su, idan kuma ta saki tana iya tsallake haƙori ta sarƙe ƙafar baya ana cikin tafiya. Mutane da yawa sukan cire murfinta don ado ko don ya fara ƙara, alhali shi ke kare ta daga laka, shi kuma ke kare gefen zanen mace daga shiga cikinta. Idan lokacin sauyi ya yi, a sauya sarƙa da sifoket na gaba da na baya tare, gama sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne birki, da wata ɗabi'a da tsadar fetur ta haifar. Litar fetur wadda ta daɗe a kan sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta kuma koma 840 a Fabrairun 2024, sai wasu suka ɗauki al'adar kashe injin a kan gangara su saki babur ya zurara da nauyinsa. Abin da ake tsimi a nan kurɓi ne, abin da ake sayarwa kuwa rai ne, nasa da na wanda ya amince ya hau bayansa. Idan injin na aiki kuma babur na cikin giya, injin kansa na riƙe gudu. Idan aka kashe shi, dukan nauyin mutum biyu da kaya ya koma kan birki, irin na ganga wanda mafi yawan waɗannan babura ke da shi, wanda kuma idan ya yi zafi gangar kan buɗa, takalmin ya daina kamawa, a taka har ƙasa a ji wayam. A wasu baburan ma fitilar gaba daga injin take samun wuta, kashe shi da dare kashe ta ne. Sa'an nan ga tsoron birkin gaba, har wasu su bar wayarsa a tsinke wata da watanni, alhali idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, kuma ƙafar gaba ke da mafi yawan ikon tsayarwa idan aka matsa a hankali tare da na baya. Takalmin birki yana da iyaka, akwai 'yar kibiya a hannun birkin da ke nuna ya ƙare. Ɗaure noti bayan wannan, ko ciro hannun a mayar da shi haƙori ɗaya baya, dabara ce da kan sa birki ya maƙale ƙafa ta ƙi juyawa. Wanda kuma ya ratsa ruwan da ya kwanta a kwari bayan an ɗauke ruwan sama, ya ɗan riƙa taɓa birki yana tafiya har gangar ta bushe kafin ya fuskanci gangara.

Yanzu sai maganar saurayin nan. Da yawan masu tuƙi ba su ne masu baburan ba. Wani Alhaji ko wata Hajiya ko ma'aikacin ofis ne ya saya ya ba su, su kawo balas kullum maraice, ko su biya a hankali har babur ya zama nasu. Matuƙi yana ganin injin ba nasa ba ne, mai babur yana ganin wanda ke hawa shi ya kamata ya kula, sai juye ya faɗa tsakani, kowa na jiran ɗan'uwansa. Malamanmu na mazhabar Maliku, a babin ijara da haya na Risala da Muhtasar waɗanda har yau ake karantawa a zaurukan Briqueterie, sun bayyana cewa wanda ya karɓi abu haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai idan ya ƙetare haddi ko ya yi sakaci, kuma sun sharɗanta a san abin da aka ƙulla a kansa tun farko domin a kauce wa jayayya. A fahimtata, manyan gyare-gyare da tsufa ke jawowa, kamar fistin da ring da taya, sun fi dacewa da mai dukiya, duba mai da iskar taya da ɗaurin sarƙa kowace safiya kuwa wajibin wanda ke kan sirdi ne, kuma wanda ya ji birki ya saki ya ci gaba da ɗaukar 'ya'yan mutane ba shi da uzuri, ko da maigidansa ya yi rowa.

Abin da ya saura shi ne kuɗin juye, kuma shi ya fi cancanta a ambata da baki a gaban shaidu ranar da ake miƙa makulli, a faɗi wanda zai biya da ranar da za a yi. Wasu masu babura sukan yafe balas na yini ɗaya a mako da sharaɗin a kai babur gareji ran nan, kuma ina ganin wannan tsari ne na adalci, muddin aka kawo wa maigida galan ɗin da aka buɗe ya gani. Sai a ajiye ƙaramin littafi a ƙarƙashin kujera, bakanike ya rubuta kwanan wata da lambar da agogon kilomita ya nuna. Idan kuwa wayar agogon ta tsinke, kamar yadda take a baburan haya da dama, a fara da gyara ta, kuɗinta bai kai na fistin ba.