Aikin rukuni a aji: Ina doka ta tsaya?

A makarantun da ke haɗa maza da mata, kamar na yankunan Ikara da Makarfi da Kudan a jihar Kaduna, ɗalibi na iya ƙin shiga rukuni ɗaya da wadda ba muharramarsa ba.

Sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya ya hana tilasta wa ɗalibi ibadar wani addini, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata a Legas 'yancin sanya hijabi.

To sai dai sashen bai ambaci aikin rukuni ba.

Don haka magana ta koma hannun malami: ko ya raba maza da mata, ko a yi aikin a gaban kowa ba tare da keɓewa ba, yadda ba wanda zai rasa maki.