Ɗa Namiji Ma Ya Koyi Ɗora Tukunya

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bakaloreya ya fito, sai mu ga samarinmu na Njamena sun tsallaka gadar Ngeli zuwa Kuseri, daga nan su nufi jami'o'in Marwa da Ngawundare a Kamaru, wasu kuma su zarce Kano ko Zariya. Iyaye mata sukan ɗaure musu guzurin garin gero da busasshiyar kuɓewa da kilishi. Sai dai kash, sau da yawa garin yakan yi ƙwari a cikin buhu, domin mai shi bai taɓa riƙe muciya ba. Ga yaro ya yi sauka, yana jin Faransanci da Larabci, amma kafin wata ya raba kuɗinsa sun ƙare a wurin mai abinci.

Mu ne muka jawo. A gidajenmu yarinya 'yar shekara 8 ta riga ta iya shara da wanke-wanke da goyon ƙaninta, alhali wanta yana zaune kan tabarma yana jiran a miƙo masa ruwan alwala. Idan ya leƙa madafi, sai a kore shi, wai ba wurin maza ba ne. Ina muka samo wannan? Imam Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi.

Garin nan ma ya sha yi mana hannunka-mai-sanda. A watan Oktoba na 2022, da kogunan Shari da Logon suka yi ambaliya, iyalai da yawa na unguwar Waliya sun koma zaman bukkoki. A irin wannan hali babu mai tambayar aikin wane ne ɗebo ruwa. Wanda ya iya shi ne ke rage wa uwarsa nauyi.

Ba sai an jira masifa ba. A shekarun da muke fara umurtar yaro da salla, wato shekara 7, a nan ya dace ya fara naɗe shimfiɗarsa, ya wanke kwanon da ya ci a ciki, ya shirya jakar makarantarsa tun da dare. In ya kai 10, a ba shi kuɗin cefane da kwando, a aike shi Kasuwar Gero ko ta Dembe, ya dawo ya yi lissafin canji. Daga baya a nuna masa kunna tukunyar gas da rufe ta, wanda ya zama dole tun da aka hana gawayi a ƙarshen 2008.

Abin da ya fi wuya, a ganinmu, shi ne haƙurin uwa. Tuwonsa na farko zai yi gudaji, wankinsa ba zai fita ba, hannunta kuwa zai yi ta ƙaiƙayin ta karɓe aikin. Kada ta karɓe. Uba kuma ya zauna ya ci tuwon nan a gaban sauran yara, har ya nemi ƙari.