Ƙwallon Kwandon Matan Faransa: Gasar da Ta Cancanci Magoya Baya Daga Nesa

Ranar 11 ga Agusta 2024, a wasan ƙarshe na ƙwallon kwandon mata a gasar Olamfik ta Paris, Amurka ta sha da ƙyar a hannun Faransa da ci 67 da 66. Ana dab da tashi Gabby Williams ta Faransa ta jefa ƙwallo ta faɗa kwando, amma da yake ƙafarta ta taka layin maki uku, maki biyu aka ba ta maimakon ukun da za su kawo kunnen doki. Da yawa daga waɗanda suka kalli wasan sun ɗauka sa'a ce ta kai Faransa wannan matsayi. Ba sa'a ba ce. Ƙasar ta ci azurfa a Landan a 2012 da tagulla a Tokyo, ta kuma ɗauki kofin Turai a 2001 da 2009. Tushen duk wannan shi ne gasar cikin gida, kuma duk mai son ƙwallon kwando, ko a ina yake zaune, yana da dalilin bin ta.

An kafa gasar ƙwararru ta mata, wadda aka fi sani da LFB, a 1998, kuma ƙungiyoyi 12 ne ke fafatawa a cikinta. Abin da ya bambanta ta da WNBA ta Amurka shi ne ƙarfinta yana ƙananan garuruwa. Bourges, gari a tsakiyar ƙasar mai mutane wajen dubu 65, ta ɗauki kofin zakarun Turai a 1997 da 1998 da 2001, kuma zauren wasanta na Prado yana cin mutum kusan 5,000. A kudu maso yamma akwai Basket Landes ta garin Mont-de-Marsan, wadda ta fara zama zakara a 2021, inda 'yan kallo ke zuwa da ganguna da ƙahonni kamar ranar biki. Villeneuve-d'Ascq ta arewa ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2024. A irin waɗannan garuruwa ƙungiyar mata ce abin alfaharin gari. Ga kuma faɗuwa daga gasar: wadda ta yi kashin baya za ta koma rukuni na biyu, don haka har wasan na ƙasan teburi yana da zafi.

Mai ja zai ce goyon bayan garin da ba ka taɓa takawa ba goyon baya ne na fatar baki. Amma wannan magana ta daɗe da faɗuwa a gidajen kallon ƙwallo na Kano da Zinder, inda ake tayar da jijiyar wuya kan Arsenal da Barcelona. Abin da ke mai da mutum magoyin baya shi ne sanin 'yan wasa, da tarihin gaba tsakanin ƙungiyoyi, da jure rashin nasara. Kuma a nan ma akwai dangantaka ta kusa. Amy Okonkwo ta D'Tigress ta Najeriya ta buga wa Bourges, Ezinne Kalu ta buga wa Landerneau, Promise Amukamara kuma ta buga wa Charnay. Waɗannan na cikin tawagar da ta doke Ostareliya da Kanada a 2024, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas a ƙwallon kwandon Olamfik. Dominique Malonga kuwa, wadda Seattle Storm ta ɗauka a matsayi na biyu a zaɓen WNBA na 2025, haifaffiyar Yawunde ce a Kamaru, kuma a ASVEL ta Lyon ta yi suna.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: taurari ba sa daɗewa. Gaskiya ne ƙungiyoyin Turkiyya irin su Fenerbahçe sun fi kuɗi, WNBA kuma ta fi suna, don haka 'yar wasa tana gama haskakawa sai a yi gaba da ita. Sai dai wannan shi ne ribar mai bin gasar, domin shi ke fara ganin yarinya tana da shekara 17 ko 18 tana gogayya da manya, tun duniya ba ta san sunanta ba. Shi ya sa ya fi kyau mutum ya riƙe ƙungiya maimakon tauraruwa, domin tauraruwa za ta tafi, gari da zaurensa suna nan.

Saura batun harshe da hanyar kallo. Ba kowace tasha ke nuna wasannin ba, sharhin kuma da Faransanci ake yi. Mutumin Nijar ko Kamaru ko Chadi ba shi da matsala a nan, wanda bai ji Faransanci ba kuwa allon maki ya ishe shi. Ƙungiyoyin suna saka sakamako da guntayen bidiyo a shafukansu na intanet, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, kuma ta saba nuna wasannin Turai da dama a YouTube. Lokaci ma ya yi daidai: ana buga kakar daga wajen Oktoba zuwa Mayu, kuma a watannin sanyi agogon Faransa ɗaya ne da na Najeriya da Nijar. Ba sai an raba dare ba, kamar yadda mai bin wasannin Amurka ke yi.

Wanda ke son farawa ya zaɓi ƙungiya ɗaya, ya san sunayen 'yan wasanta, ya bi ta kaka guda cur, a gida da kuma Turai. In ya yi haka, zai shiga Olamfik ta Los Angeles a 2028 yana sane da inda yawancin 'yan wasan Faransa suka fito.