Sa'ad da Ƙafa Ta Ƙi Ɗaguwa: Magani da Lantarki a Cutar Fakinsan

A Illela, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar daura da Birnin Ƙonni, neman abinci a kan ƙafa yake: daga mai kora shanu zuwa kara har manomin da ke sammakon gona. Saboda haka cutar da ta taɓa tafiya ta taɓa tukunyar gida. Irin wannan ce cutar Fakinsan, wadda ta samo sunanta daga James Parkinson, likitan da ya bayyana ta a Landan a 1817. Jama'a sun fi saninta da karkarwar hannu, wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sammu. Amma ga mai ita, sau da yawa ƙafa ta fi hannu ba da wahala.

Taku yakan gajarce, mutum ya riƙa jan ƙafa, hannuwa su daina lilo, jiki ya ranƙwafa. Mafi muni shi ne ƙamewa: ya zo bakin zaure, ko zai juya, ko ya shiga cunkoso, sai ƙafa ta kafe kamar an liƙa ta da ƙasa, alhali gangar jiki ta riga ta yi gaba. Nan ake faɗuwa, karayar ƙugu kuwa ga tsoho ba ƙaramin abu ba ce.

Ita ƙafar lafiyarta lau. Aibin yana can tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin suke mutuwa sannu a hankali. Wannan sinadari ne ke sa ayyukan da jiki ya saba, irin su tafiya, su gudana ba sai an tsaya tunani ba.

A 1957 Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya nuna cewa lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin, yana tayar da dabbobin gwajin da suka sandare. A 1967 George Cotzias ya tabbatar da amfaninsa ga majinyata a Amurka. Ana haɗa shi da kabidofa, kuma har yau babu maganin da ya fi shi tsawaita taku da ƙara sauri. Sai dai bayan 'yan shekaru ƙarfin ƙwaya ɗaya yakan riƙa ƙarewa da wuri. Wanda ya je masallaci da ƙafarsa da hantsi, kafin azahar ya kasa tashi daga tabarma, har a zarge shi da ƙarya. Abinci ma yana da hannu. Nama, wake da nono suna gasa da maganin wajen shiga jini daga hanji, shi ya sa likitoci kan ce a sha shi kamar rabin sa'a kafin abinci. A ƙasar fura da nono, wannan shawara ba ta wasa ba ce.

Hanya ta biyu ita ce motsa ƙwaƙwalwa da lantarki, wadda Alim-Louis Benabid da abokan aikinsa suka fara a Grenoble ta Faransa a 1987. Ana zura siraran wayoyi can cikin ƙwaƙwalwa, a haɗa su da ɗan batir da aka dasa ƙarƙashin fatar ƙirji, yana aika bugun lantarki kimanin sau 130 a daƙiƙa. Aikin yana kwantar da karkarwa, ya rage sandarewa, ya kuma ba da damar rage magani. Amma game da tafiya akwai ƙa'idar da likitoci suka daɗe da lura da ita: abin da lebodofa ya gyara shi lantarki ke gyarawa. Ƙamewar da ke zuwa in magani ya saki takan ragu. Wadda ke zuwa alhali magani na aiki, da tangaɗi da faɗuwa, ba kasafai suke jin lantarki ba, domin sun shafi wasu sassan da ba na dofamin ba. Ga wasu majinyata, sauke bugun zuwa 60 yana sassauta ƙamewa, ko da yake amfanin ba ya ɗorewa ga kowa. Cutar kanta kuwa ba ta tsayawa.

Aikin yana da tsada ƙwarai, yana kuma buƙatar gwanin da zai riƙa daidaita na'urar. Ga mutumin Illela, abin da ya fi kusa shi ne ya ga likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya samu magani na gaskiya, ba na tebur a kasuwa ba, kuma kada ya yanke shi kwatsam, don yin haka na da haɗari.

Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko kwabo. Tunda tafiyar sabo ce ta lalace, ana iya zagayawa ta ido da kunne. A ja layuka a tsakar gida, tazarar taku ɗaya tsakaninsu, sai wanda ya kafe ya riƙa tsallake su ɗaya bayan ɗaya. In ya ƙame a bakin zaure, kada jikansa ya ja shi da hannu. Ya tsaya gefensa yana tafi, yana ƙirga masa: ɗaya, biyu, ɗaya, biyu.