Abubuwan da ya kamata ka sani game da Shatu Garko da gasar sarauniyar kyau

A watan Disamba na 2021 wata budurwa 'yar shekara 18 daga jihar Kano, Shatu Garko, ta lashe gasar Miss Nigeria a Legas. Ita ce ta farko da ta ci gasar sanye da hijabi. Daga Kano zuwa Katsina har Daura, labarin ya raba kan jama'a: wasu suka yi murna, wasu suka yi Allah wadai. Ga abin da ke ƙarƙashin wannan saɓani.

Me Shatu ta ci?

Ta wakilci shiyyar Arewa maso Yamma, ta zama sarauniya ta 44 a tarihin gasar. Kyautar da aka sanar ta haɗa da naira miliyan 10, da sabuwar mota, da gidan zama na shekara guda. Kafin nan tana sana'ar tallan kayan sawa. Ta riƙe kambun har 2024, lokacin da aka naɗa Doris Ogah.

Tallan kaya daban, gasa daban

Mutane kan haɗa su wuri ɗaya, alhali kowanne da hanyarsa. Mai tallan kaya ma'aikaciya ce: tela ko kamfani ya ɗauke ta, ta sa ɗinkinsa, a ɗauki hoto ko ta yi tattaki gaban masu saye, a biya ta. Kayan ake so a gani. A gasa kuwa ita kanta ake dubawa: siffarta, tafiyarta, iya maganarta da yadda take amsa tambayoyin alƙalai. Wadda ta ci takan zama jakadiyar kamfanoni da ayyukan jin ƙai. Gasar kan buɗe wa mai talla ƙofa, shi ya sa masu sana'ar ke rububin shiga.

Gasar ba baƙuwar Arewa ba ce

Jaridar Daily Times ce ta ƙirƙiro Miss Nigeria a 1957. A lokacin hoto ake aikawa ofishin jaridar, a tace, sannan a gayyaci waɗanda suka tsallake zuwa Legas. Wadda ta fara cinye ta, Grace Oyelude, a Kano aka haife ta, daga Arewa kuma ta je. Daga baya ta karanci aikin jinya a Ingila, ta yi shekaru tana wannan aiki. Abin da ya sa nasarar Shatu ta zama sabon abu shi ne kasancewarta Musulma mai lulluɓi daga ƙasar Hausa.

Akwai kuma gasa ta biyu mai suna Most Beautiful Girl in Nigeria, ta kamfanin Silverbird. Daga cikinta Agbani Darego ta fito ta ci gasar duniya ta Miss World a 2001. Wani bambanci da ya yi wa Shatu amfani shi ne Miss Nigeria ta daɗe da daina sa 'yan takara fitowa da kayan ninƙaya.

Tabon 2002

Duk mai son fahimtar zafin muhawarar sai ya waiwayi 2002. Bayan nasarar Agbani, an shirya yin Miss World a Abuja. Tun kafin a fara aka samu matsala biyu. Ta farko daga jihar Katsina ta taso: hukuncin jifa da wata kotun shari'a ta yanke wa Amina Lawal ya sa wasu 'yan takara daga ƙasashen waje suka ƙaurace. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke hukuncin a Satumban 2003. Ta biyu, malamai da ƙungiyoyin Musulmi sun yi adawa da gasar, musamman da shirye-shiryenta suka faɗo cikin azumi.

Ana cikin haka jaridar ThisDay ta buga wani rubutu da ya taɓa mutuncin Manzon Allah (SAW). Rikici ya ɓarke a Kaduna a watan Nuwamba, mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu, aka kwashe gasar zuwa Landan. Tun daga nan kalmar gasar kyau take ɗauke da nauyi a kunnen ɗan Arewa.

Me Hisba ta ce?

Kwanaki kaɗan da naɗin Shatu, kwamandan Hisbar Kano na lokacin, Harun Ibn Sina, ya ce shiga irin wannan gasa ya saɓa wa Musulunci, kuma hukumar za ta gayyaci iyayenta don yi musu nasiha. A shekarar ce kuma hukumar ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumin tallan kaya.

A nan ne ainihin saɓanin yake. Masu goyon bayan Shatu sun dubi tufafi: ta rufe jikinta, ba ta sauke lulluɓi ba, ta yi nasara. Masu suka sun dubi manufa: sun ce hijabi an yi shi don a kawar da ido, gasa kuwa an shirya ta don a tara ido. Wato ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, don haka kowa ya ga hujjarsa ta fi ƙarfi.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Halima Aden, 'yar asalin Somaliya da aka haifa a sansanin gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta shiga gasar Miss Minnesota a Amurka da hijabi a 2016, ta zama fitacciya a manyan mujallu. A Nuwamban 2020 ta ajiye sana'ar, tana mai cewa aikin na tilasta mata sassauta addininta. Darasinta shi ne ba ranar shiga ake samun matsi ba, a hankali yake zuwa, hoto bayan hoto.

A Indunusiya kuwa an shirya gasar World Muslimah, inda ake auna karatun Alƙur'ani da sanin addini. 'Yar Najeriya, Obabiyi Aishah Ajibola, ce ta lashe ta 2013.

Ina ruwan Daura?

Ado a bainar jama'a ba sabon abu ba ne a garin Daura. Wanda ya taɓa kallon hawan Sallar Gani ya ga 'yan mata sun sha kwalliya da lalle. Sai dai wannan ado ne cikin dangi da idon manya, ba alƙali, ba maki, ba kwangila.

Abin da ya canja shi ne waya. Yau mai sayar da atamfa, leshi, abaya ko lafaya tana neman wadda za ta sa kayan a ɗora a Instagram ko TikTok. Don haka yawancin iyaye a Daura ba da gasar Legas za su yi karo ba, da tayin wata mai shago za su haɗu.

Kafin a amince

Iyaye da 'ya su san wa ke da hoton bayan an ɗauka, a ina za a wallafa shi, har zuwa yaushe. A rubuta irin suturar da aka yarda da ita da kuɗin aikin tun farko. A yi hattara da wanda ke neman kuɗin rajista ko hotuna a ɓoye da sunan wakilin kamfani. Kada a je wurin ɗaukar hoto ba tare da wani na gida ba, kada kuma a bar karatu, domin sana'ar gajeren zango ce. Hukuncin halasci kuwa a nemi malamin da aka amince da iliminsa tun kafin hoto ya fita, domin abin da ya hau intanet sauke shi ba ya hannun mai shi.