Jaririn da Jikinsa Ya Yi Lagwas: Me Ke Jawo Shi?

Ko mutum yana hutawa, tsokokinsa ba sa sakewa gaba ɗaya. Akwai ɗan ɗauri da ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi ke riƙe da shi dare da rana. Idan wannan ɗauri ya yi ƙaranci, sai jikin jariri ya yi lagwas. A kama hannuwansa a jawo shi daga kwance, kansa ya rinjaya baya. A ɗaga shi ta hammata, ya nemi zamewa. A kwantar da shi, ƙafafuwa su baje gefe kamar na kwaɗo. Tsotson nono kan yi masa wuya, kukansa ba ƙarfi. Wannan alama ce ta wata matsala, kuma mafi yawan lokaci a ƙwaƙwalwa tushen yake: doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, shawarar da ta yi tsanani bayan haihuwa, sanƙarau, ko larurar Down da ake haihuwa da ita. Akwai kuma tamowa, da ƙarancin sinadarin da halittar nan ta gaban wuya, inda maƙoƙo ke fitowa, take samarwa. Hatta zumar da ake lasa wa jarirai tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai sakar da jiki, shi ya sa likitoci suka hana ta kafin shekara 1.

Za a ce kowane yaro da lokacinsa. Haka ne, amma lokacin yana da iyaka: yawancin yara sun riƙe wuya a wata 4, sun zauna da kansu kafin wata 9 ya wuce. Wasu kuma su ce ɗan ruwa ne, sai a shiga hayaƙi da rubutu, watanni su tafi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, jinkirin ne ke ɓarna, domin matsalar sinadarin wuya ƙwaya ɗaya a rana ke maganinta, in an fara a makonnin farko ƙwaƙwalwar yaro ta tsira. Ko larurar Down da ba a warkar da ita, kusan rabin masu ita suna da matsalar zuciya da ya kamata a duba, kuma motsa jiki a sashen gashi yana taimaka musu su zauna su yi tafiya.

Iyaye, in wuyan jariri bai tsaya ba a wata 4, a kai shi wurin likitan yara. In kuwa yaro mai lafiya ne jikinsa ya saki farat ɗaya, a ranar za a tafi asibiti.